Littafin aikina: tazarar gaɓa a karan wiwin zare, Manitoba 2025

14 ga Maris

Toh jama'a, tunda kullum sai an tambaye ni wai me nake karantawa a Kanada, in na ce noman wiwi kuma sai in ji waya ta yi tsit, bari in riƙa rubuta abun da nake yi a nan kowa ya huta. Digiri na biyu ne a fannin inganta iri, a wata gonar bincike dake kudancin lardin Manitoba, kuma wiwin da muke nomawa na zare ne da ƙwayar da ake matsar mai, ba na sha ba. Tsiron dai ɗaya ne da wancan, Cannabis sativa, ba zan ɓoye maku ba, sai dai shi wannan doka ta ce sinadarin dake bugarwa wato THC kar ya wuce kashi 0.3 cikin ɗari a ganye da kan fure. Kanada ta halatta nomansa tun 1998 amma sai da lasisi daga ma'aikatar lafiya ta ƙasa. Ita wannan iyaka ta 0.3 ɗin ma wani masanin tsirrai na nan ƙasar, Ernest Small, shi da Arthur Cronquist suka kawo ta a 1976, daga baya Amurka ma ita ta saka a dokar nomanta ta 2018. A gida kam babu wannan rabe-raben, wiwi wiwi ne a wajen NDLEA, dan haka kar wani ya je ya shuka ya ce ni na sa shi.

Abun da aka ɗora min shi ne tazarar dake tsakanin gaɓa da gaɓa a jikin kara. Masu zare suna son ta da tsawo, dan zaren a ɓawon kara yake kuma duk inda gaɓa take sai ya sarƙe. Masu ƙwaya kuma gajeren tsiro suke so wanda injin girbi zai iya da shi. Mu kuma kwaɗayi ya sa muna neman duka biyun, tsiro mai doguwar tazara a ƙasan kara amma ya yi fure da wuri ya tsaya kafin ya fi ƙarfin inji.

Iyayen biyu ne. Carmagnola, tsohon irin Italiya mai sunan wani gari kusa da Turin, dogo ne sosai ga jinkirin fure. Sai Finola da aka fitar a Finlan a shekarun 1990, gajere mai saurin fure. An haɗa su tun kafin in zo, ni jikoki da tattaɓa kunne na gada. Kuma shi wannan tsiro ba kamar wake ba ne da fure ɗaya ke gama komai, namiji daban mace daban, iska ce ke kai bununi, dan haka kowane “gida” da zan riƙa faɗa a nan irin da aka tara daga uwa ɗaya ne, uban kuwa Allah masani. Gidajen sun kusa arba'in. Kowane an raba irinsa biyu, rabi za a shuka rabi yana ɗakin sanyi a ajiye, ku riƙe wannan dan zai yi amfani nan gaba.

Yau na shuka kaɗan a tukwane a ɗakin gilashi dan in saba da awo kafin lokacin gona. Waje har yanzu ƙanƙara ce, ga azumi.

10 ga Afrilu

Ɗakin gilashi ya fara nuna min halinsa. Gida ɗaya, uwa ɗaya, rana ɗaya na shuka su, amma tukwanen dake tsakiyar benci sun miƙe sun yi zalau-zalau, na bakin benci kuma sun zauna sun yi kauri da rassa. In ka ɗauko biyu ka ajiye gefe da gefe wallahi sai ka rantse ba dangi ba ne. Na nuna wa Malamata, ko mamaki ba ta yi ba, ta ce in riƙa juya tukwanen duk bayan kwana biyu, kuma in duba zafin ɗakin, dan in rana ta fi dare zafi da yawa kara miƙewa yake, masu noman furanni sun daɗe da sanin haka har da shi suke rage tsawon tsiro ba tare da magani ba.

Mun zauna mun tsayar da dokar awo, dan in ba a tsayar ba kowa abun da ya ga dama zai auna. Ba a ƙirga ganyen nan biyu na farko da suke fitowa daga cikin ƙwaya. Gaɓa ta ɗaya ita ce inda ganyen gaskiya na farko ya fito, mai yatsa ɗaya, na biyu yawanci yatsu uku, na uku biyar, a haka yake hawa. Zan auna daga gaɓa ta 3 zuwa ta 7 kowace tazara daban, daga tsakiyar ƙulli zuwa tsakiyar ƙulli, kuma sai wadda ta gama miƙewa, dan ta can sama kullum cikin girma take, in ka auna ta yau jibi ta ƙaryata ka.

29 ga Mayu

An yi shuka. Ƙasa ta ɗumama ta wuce digiri 10, iri ba a binne shi da zurfi ba, santimita 2 haka. Kowane gida ya samu fuloti iri biyu, mai cunkoso yanda masu zare ke yi wajen tsiro 300 a murabba'in mita ɗaya, da mai sarari yanda masu ƙwaya ke yi wajen 100 zuwa 125, kuma kowanne an maimaita shi sau uku a wurare daban-daban na gonar dan kar wani gida ya ci albarkacin ƙasa mai kyau. Iyayen biyu ma an saka su a tsakani.

Jiya gwamnatin lardi ta ayyana dokar ta-ɓaci saboda gobarar daji a arewa, an kwashe mutanen garin Flin Flon. Mu muna nesa sosai, hayaƙi dai muke sa ran iska za ta kawo mana.

8 ga Yuni

Barka da Sallah, ranar Juma'a muka yi idi a Winnipeg na dawo. Tsiro ya fito layi-layi. Wasu gidajen sun fito tsilla-tsilla, kuma wannan ba ƙaramar matsala ba ce a aikina, dan fulotin da aka rubuta “mai cunkoso” in rabinsa bai fito ba toh sunan kawai ya rage. Na bi na ƙirga tsiron dake cikin mita ɗaya a kowane fuloti na rubuta. Kaska ta yi yawa a ciyawar bakin gona, sai ka cusa wando cikin safa kamar ɗan bola.

1 ga Yuli

Yau hutu ne a ƙasar amma tsiro bai san hutu ba. A wannan watan sai ka bar shi da yamma ka dawo da safe ka ga ya ƙaru, ba zuzutawa nake ba. Rana a nan ƙarshen Yuni ta fi awa 16, Kano kuwa ko 13 ba ta cika ba, isha'i sai wajen sha ɗaya da wani abu, ga sauro kamar an aiko su.

Awon farko ya fito kuma cunkoso ne ke mulki. Kusan duk gidan da na duba, tazarar ta 3 da ta 4 a fuloti mai cunkoso ta fi ta mai sarari nesa ba kusa ba, har Finola da aka san shi da gajarta ya miƙe da ya ji matsi, ya kamo wasu dogayen gidajen da ke zaune a sarari. Kun ga kenan da mutum zai shigo gonar nan bai san tsarin ba ya ce zai zaɓi iri da ido, toh cunkoso zai zaɓa, kuma cunkoso ba a gadonsa.

Dalilin abun yana burge ni. Ganye yana shanye jan haske ya yi abinci da shi, amma akwai wani haske can gaba da ja, a iyakar abun da ido ke iya gani, shi ganye ba ya shanye shi sosai, wucewa yake ko ya dawo da shi. Toh tsiro yana da wani sinadari, fitokirom, da ke auna yawan ja da yawan wancan, in wancan ya rinjaya ya san akwai maƙwabci kusa, tun ma kafin inuwar maƙwabcin ta rufe shi. Daga nan sai ya daina ɓata ƙarfi a rassa da faɗin ganye ya zuba komai a tsawo, sinadaran girma irin su okzin da jibaralin su sa ƙwayoyin cikin kara su yi ta miƙewa. Shi jibaralin ɗin ma a Japan aka gano shi ta dalilin wata cutar shinkafa da ke sa tsiro ya yi tsawon banza ya faɗi ba ƙwaya, wani Kurosawa ya nuna a 1926 cewa naman gwari ne ke fitar da abun. Kuma gajeriyar shinkafar nan IR8 ta 1966 da ta cika rumbunan Asiya, ƙwayar gado ce guda ɗaya ta samu tangarɗa a hanyar haɗa jibaralin ɗin.

Dan haka tambayata ta gaske ba wane gida ne ya fi tazara ba, tambayar ita ce wane gida ne ya fi a matsi iri ɗaya, a gaɓa ɗaya, a shekaru ɗaya. Layukan bakin fuloti duk na yafe su, na tsakiya kawai nake taɓawa.

17 ga Yuli

Maza sun fara bayyana. Namiji siriri ne ya fi mace tsawo a wannan lokacin, ganyensa kaɗan, tazararsa ta fi ta mace, kuma shi ke fara fure. In ya gama zubar da bununi sai ya yi rawaya ya mutu ya bar mace tana ci gaba da kauri. Da safe in ka girgiza kan namiji ƙura ce rawaya take tashi ta manne a gilashin ido, iska na iya kai ta nesa, shi ya sa masu noman iri na asali ake raba gonakinsu da wajen kilomita 5.

Wannan ya ƙara min aiki, dan tsirran da na ɗaura wa zare tun suna ƙanana ban san jinsinsu ba a lokacin, yanzu sai na koma kowanne na rubuta namiji ne ko mace. In wani gida aka yi dace yawancin waɗanda na auna maza ne, lissafi zai nuna shi gwani alhali ba gwanin ba ne.

Sai abu na biyu wanda inaga shi ne zuciyar aikin nan gaba ɗaya. Tun yana ƙarami ganye bibbiyu yake fitarwa a gaɓa ɗaya suna fuskantar juna, amma in ya doshi fure sai ya canja, ganye ɗaya nan ɗaya can sama kaɗan a ɗaya gefen, kuma daga wannan wurin tazara sai ta yi ta raguwa har ta dunƙule ta zama kan fure. Gidajen da suka ɗauko saurin Finola wasu tun a gaɓa ta 5 ko ta 6 suka juya, wato ta 6 zuwa ta 7 da nake aunawa a wajensu ta riga ta shiga yankin fure, a wajen masu jinkiri kuwa tsakiyar ƙuruciya ce. Toh in na ce wannan tazararsa gajera ce, gajartar gado ce ko kuwa fure ne ya tare shi a hanya? Na kai wa Malama maganar ta ce in ƙara shafi biyu a takardar, gaɓar da ganye ya daina zuwa bibbiyu da ranar da rabin fuloti ya yi fure. Shafi biyu a baki, a gona kuwa zagaye ne kullum safiya.

30 ga Yuli

Na yi waya da Baba jiya, ya ce wai har yanzu ganyen nan kake aunawa. Na ce Baba kara nake aunawa, so muke mu gajarta shi ba tare da mun ɓata zaren ba. Sai ya yi dariya ya ce ai an taɓa kawo masu gajeriyar dawa, hatsi kam ta yi, amma da rani ya zo ba karan danni ba na girki ba abun da za a zuba wa shanu, shekara ta zagayo kowa ya koma doguwarsa. Na ce toh Baba ai nan ma rigimar kenan, mai ƙwaya da mai zare kowa da inda yake ja.

Kuma maganarsa ta tuna min cewa a dawa an riga an warware abun da nake nema a nan. Tun 1954 Quinby da Karper a Texas suka nuna ƙwayoyin gado huɗu ne manya ke riƙe da tsawon dawa, kuma aikinsu rage tazarar gaɓa ne, ba rage yawan gaɓoɓi ba. Yawan gaɓoɓi kuma lokacin fure ne ke yanke shi, wannan wasu ƙwayoyin gadon ne daban. Shi ya sa dawar Amurka take iya ƙugu dan injin girbi, tamu kaura da farafara suke wuce kan mutum, shi ya sa kuma Samaru suka iya fitar da gajeriyar kaura SK5912. A dawa abu biyun sun rabu sarai, za ka iya taɓa ɗaya ka bar ɗaya. Fatana kenan a ce a wannan tsiron ma haka ne, in kuwa ɗaure suke tamau toh duk wanda ya yi saurin fure dole ya zo da gajeriyar tazara, aikin ya tashi a banza.

13 ga Agusta

Iska da ruwa daren shekaranjiya. Fulotai masu cunkoso na wasu dogayen gidaje sun kwanta, ba karyewa ba, sunkuyawa suka yi daga wajen gwiwa suka hau kan maƙwabta. Na bi na ba kowane fuloti maki daga 1 zuwa 5. Abun lura, ba duk mai doguwar tazara ne ya kwanta ba, waɗanda suka haɗa tazara da sirantar kara su ne suka sha kashi, dan haka na ɗauko ma'aunin kauri na ƙara da shi, a tsakiyar tazara ta 4.

Akwai wani dattijo da ke kula da injinan gonar, manomi ne shi ma, ya zo ya tsaya yana kallon ɓarnar. Ya ce shi in dai tsiro ya wuce kansa baya so, dan zaren nan in ya shiga injin girbi naɗewa yake a duk wani abu mai juyawa, ya ƙulle ya yi zafi har wuta yana iya kamawa, shi ya sa suke ɗaga bakin injin sama su yanke kai kawai su bar kara a tsaye. Ya nuna min wuƙar da yake yawo da ita a aljihu dan yanke naɗin, duk ta dakushe. Wannan mutumin dai in irinmu bai gamsar da shi ba toh ko mun buga takarda goma ba wanda zai shuka.

28 ga Agusta

Sai yanzu Carmagnola da gidajen da suka biyo shi suka fara fure, dan su sai rana ta sauko wajen awa 14 suke yarda, a nan kuwa sai ƙarshen Agusta hakan ke faruwa. Sun yi tsawo har sai na tanƙwaro su nake ganin kai. Finola tuni ƙwayarsa ta fara tauri tsuntsaye sun sauka. Jami'in ɗaukar samfur na gwajin THC ya yanki kawunan fure ya tafi da su.

9 ga Satumba

Satin zare. Na yanko kara daga kowane fuloti a gindi, na cire ganye, na yanke daga gaɓa ta 3 zuwa ta 7, rabi na busar dan awon nauyi, rabi na shimfiɗa a ciyawa raɓa ta jiƙa shi rana ta busar ana juyawa har ɓawon ya saki, irin dai yanda ake jiƙa rama a kududdufi kafin a saɓule, sai dai nan raɓa ce ke aikin kuma yana ɗaukar makonni.

Amma tun yana ɗanye na gwada da hannu. In ka karya kara a gindin tazara ka kama ɓawon da farce ka ja sama, yana tahowa sumul kamar tsiri ɗaya, kore a waje fari-fari a ciki da ɗan danshi, yana wata ƙara siririya, har sai ya iso gaɓa. A nan sai ka ji ya cije, in ka matsa ya rabe biyu ko uku, wani ya tsinke ya bar gashi-gashi a jikin ƙullin, dan a wurin ne jijiyoyi ke karkata su shiga ganye da reshe. A gida mai gajeriyar tazara kafin ka ja kamu ɗaya ka ci karo da wannan cijewar sau biyu, a mai doguwa kuwa sai ka wuce kamu ba ka gamu da komai ba. Abun da ya rage a hannunka farin itacen ciki ne mara nauyi mai rami a tsakiya, shi ma ba a yar da shi, ana shimfiɗa wa dawakai ana kuma cuɗa shi da farar ƙasa a yi bango.

Zaren ma kala biyu ne. Na farko dogo yana samuwa ne lokacin da tazarar ke miƙewa, ƙwayar zare ɗaya tana iya kai santimita 2 har fiye da 5, shi masaƙa ke nema. Na biyu gajere ne mai tauri, yana zuwa daga baya in kara ya fara kauri, ya fi yawa a gindi da kuma jikin mace da ta daɗe a gona tana jiran ƙwaya ta nuna. Wato ko mun samu irin da muke nema, wanda ya bari sai ƙwaya ta nuna ba zai samu zare mai laushin wanda ya yanke lokacin fure ba, wannan kam ba gyaran iri da zai kawar da shi.

25 ga Satumba

Sanyi ya sauka, ganye ya yi baƙi. Masu jinkiri ƙwayarsu ba ta cika ba, in ka murza sai fanko. Ba asara ba ce a wajena tunda dama irin gonar nan ba zan yi amfani da shi ba, bununin kowa ya gauraya da na kowa, na ɗakin sanyi shi ne abun dogaro. Amma ya nuna ƙarara cewa duk kyan zaren gida in bai nuna kafin tsakiyar Satumba ba toh ba na Manitoba ba ne.

22 ga Oktoba

Na gama shigar da komai a Excel na fara lissafi, idona har yaji yake. Ga yanda abun ya kasance a taƙaice.

Cunkoso shi ya fi komai tasiri a tazarar ƙasa, sai jinsi, sannan gida. Amma wani abu da ban zata ba, fulotai masu cunkoso duk da sun fi tazara a ƙasa, a ƙarshe ba su fi na sarari tsawo ba, da yawa ma sun fi gajarta, dan sun yi tseren farko abinci da ruwa suka gaza, ƙananan cikinsu ma mutuwa suka yi a inuwa. Kenan tsawon tsiro gaba ɗaya ba ya gaya maka tazararsa, wanda ke auna tsawo kawai ya raba da yawan gaɓa yana ruɗin kansa ne.

Ta 5 zuwa ta 7 kuwa kusan ranar fure kawai suke bi, mai jinkiri doguwa mai sauri gajera, ba wani labari sabo. Inda labarin yake shi ne ta 3 da ta 4, dan su sun gama miƙewa kafin kowa ya fara tunanin fure, kuma a nan gidajen sun bambanta, bambancin ya maimaita kansa a duka wurare ukun da kuma a matsi da sarari. Da na jera tazarar nan a gefe ɗaya ranar fure a ɗaya gefen, yawanci sun bi layi ɗaya kamar yanda ake tsoro, amma akwai 'yan gidaje da suka fita daga layin, fure da wuri kusa da Finola, tazarar ƙasa kuma kusa da Carmagnola. Guda biyu a cikinsu ba su kwanta ba ranar iskar nan. Malama ta ce kar in yi rawar kai, shekara ɗaya ce gona ɗaya, kuma shekarar hayaƙi, sai an sake gani baɗi a wuri biyu. Gaskiyarta ne, amma ni dai na ga alamar ɗaurin ba tamau ba ne.

12 ga Nuwamba

Sakamakon THC ya dawo, gidajen da nake so duk suna ƙasa da 0.3, gida ɗaya cikin waɗanda dama ban zaɓa ba ya matso iyaka, an cire shi daga aikin har irinsa na ajiya.

An fito min da ragowar irin gidaje biyar daga ɗakin sanyi, jibi zan shuka su a wani ɗaki na daban mai matatar iska dan kar bununin waje ya shigo. Wannan karon ba za a bar uba ga sa'a ba. Akwai tsohuwar dabara ta wani Bajamushe Bredemann, shi yana gwada yawan zaren maza tun kafin su yi fure ya cire marasa kyau, na kirki kawai ke ba da bununi, da haka aka ɗaga yawan zare a irin Turai sosai. Ni ma haka zan yi da tazara, tunda ta 3 da ta 4 suna gama miƙewa kafin fure ya buɗe, in auna kowane namiji in tumɓuke gajeru tun ba su zubar da komai ba. Tukwane za a jera su da tazara ɗaya, a zagaye su da layin tukwanen gadi da ba za a auna ba, fitila awa 16 na sati huɗu sannan a rage. Matsalar da ta rage benci, ɗakin da aka ba ni ba zai ɗauki yawan da nake so ba, kuma in maza suka yi kaɗan dangi za su auri dangi iri ya raunana, dan haka gobe da safe zan je in roƙi bencin wata ɗaliba da ta gama aikinta na alkama.